Ƙiyasin da Bai Inganta Ba: Martani a Kan Cajin Sigarin Lantarki

Tun ranar da na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan sigarin lantarki, wannan da samarin birane suka runguma a 'yan shekarun nan, hankalina bai kwanta ba. Na ajiye ta na yi kwanaki ina sauraron ko wani wanda ya fi ni sanin sha'anin lantarki zai tanka, amma da na ga shiru ya yi tsawo, alhali kuwa maganar sai yawo take yi daga hannu zuwa hannu, har na ji wani yaro a majalisar unguwarmu yana kafa hujja da ita a gaban yayyensa, sai na tabbata cewa nauyin magana ya hau kan duk wanda ya san wani abu, ko da kaɗan ne. Malamin da ya rubuta ta mutum ne mai fasaha, alƙalaminsa yana da zaƙi, ban kuma zarge shi da mugun nufi ba ko da ƙwayar zarra. Sai dai kuskuren da ya fito daga bakin mai fasaha ya fi na waninsa nisan zango, don haka ya fi bukatar a tare shi da wuri.

Ginin maƙalar tasa kacokan a kan tushe guda yake, wato cewa sigarin lantarki da wayar hannu abu ɗaya ne a wajen caji, tun da yake batir iri ɗaya ne a cikinsu. Daga wannan tushe ya fitar da hukunce-hukunce uku: cewa kowace caja da bakinta ya shiga ramin na'urar ta wadatar, cewa babu laifi mutum ya jona ta ya kwanta barci har asuba, domin kayan zamani suna yanke wuta da kansu in sun cika, da kuma cewa batir ya fi ƙarko idan aka bari ya mutu murus kafin a sake cika shi. Sa'an nan ya rufe da cewa labaran fashewar da ake ji zuzutawa ce ta jaridun Turai, kuma abin da Allah Ya ƙaddara ba shi da makawa.

Ya kamata mai karatu ya san inda na tsaya kafin mu yi nisa. Ni ba na shan taba, ta ganye ko ta lantarki, ban kuwa taɓa ba wani shawarar ya sha ba, kuma da za a bi tawa da samarinmu sun nisanci wannan abu baki ɗaya, domin nikotin ɗin da ke cikin akasarinsa yana kama mutum kamar yadda na sigarin takarda ke kamawa. Hukuncin taba a shari'a kuwa tsohuwar mas'ala ce wadda manyan malaman Malikiyya suka yi saɓani a kanta tun farkon ƙarni na 17, zamanin da Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu yana halatta ta, Shehu Ibrahim Laƙƙani na Masar kuma ya yi nasa yana hanawa. Wannan fage ne na ma'abotansa, ba shi na zo shiga ba yau. Abin da ya kawo ni shi ne wuta, ita kuwa idan ta tashi a ɗaki ba ta tsayawa a kan wanda ya sayi na'urar, takan bi ta kan matarsa, da jaririn da ke kwance a gefenta, da ɗakin maƙwabcin da katanga ɗaya ce tsakaninsu. Saboda haka wanda zai ce yin bayanin yadda ake cajin abin nan lafiya ƙarfafa wa masu sha gwiwa ne, a ganina bai auna maslahar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da Malam ya yi, ko ya ambaci sunansa ko bai ambata ba, ƙiyasi ne. Malaman Usulu kuwa sun karantar da mu cewa ƙiyasi yana tsayuwa a kan rukunai huɗu, asali da reshe da illa da hukunci, kuma daga cikin hanyoyin rushewarsa akwai biyu mashahurai: ko a sami bambanci mai tasiri tsakanin asali da reshe, ko a tarar hukuncin da ake son ɗorawa bai tabbata ga asalin kansa ba. Nasa ƙiyasin ya auka cikin ramukan nan duka biyu. A kan illar dai ba mu da jayayya, gama batirin litiyam ne a cikin waya, shi ne kuma a cikin sigarin, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda aka ba mutum uku da suka assasa iliminsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel a 2019. Da irinsa ne kuma ake tafiyar da na'urar da wani masanin haɗa magunguna mutumin ƙasar Sin, mai suna Hon Lik, ya ƙera a 2003, wadda ita ce kakar duk sigarin lantarkin da ake gani yau.

To, mene ne a cikin wannan batir? Falle biyu ne dogaye, ɗaya na tagulla ɗaya na alminiyam, kowanne an shafe shi da sinadarinsa, aka naɗe su tare kamar yadda ake naɗe tabarma, tsakaninsu kuma aka shimfiɗa wata 'yar leda wadda kaurinta bai kai na silin gashin kai ba, ita kaɗai ce shamakin da ke hana su haɗuwa, sa'an nan aka jiƙa duka da wani ruwa mai saurin kama wuta. Muddin shamakin nan yana nan lafiya, batir bawa ne mai biyayya. Amma idan ya huje ko ya narke, ko don zafi, ko don faɗuwa, ko don an ɗura wutar da ta wuce haddi, sai fallayen biyu su haɗu, zafi ya haifi zafi, ruwan ya rikiɗe ya zama iska mai neman hanyar fita, cikin 'yan daƙiƙu kuma zafin ya haura digiri 500, ba mai iya tsai da shi daga waje. Haddin cikar irin wannan batir bolt 4.2 ne, ɗan ƙari kaɗan a kan wannan, in ya ɗore, ya isa ya fara ɓarna a ciki ba tare da ido ya gani ba.

A nan ne waya da sigari suke rabuwa, rabuwa mai nisa. Batirin waya shimfiɗaɗɗe ne, a cikin 'yar jaka mai laushi yake, idan ya lalace galibi sai ya kumbura ya ɗaga murfi, in abin ya tsananta ya tsage ya yi hayaƙi da harshen wuta. Sigarin lantarki kuwa, musamman mai siffar alƙalami da manyan nan masu ƙarfi, batirinsa gwangwani ne na ƙarfe, aka kuma cusa shi cikin wani bututun ƙarfen, wanda mafi rauninsa bakinsa ne. Saboda haka idan iskar nan ta taru ta rasa mafita, ta bakin take fashewa, ta harba abin da ke gabanta kamar yadda bindigar toka ke harba abin da aka ɗura mata. Bakin nan kuwa ina yake fuskanta? Bakin mutum da maƙogwaronsa. A watan Mayu na 2018 wani mutum ɗan shekara 38 a birnin St. Petersburg ta jihar Fulorida a Amurka ya rasa ransa a cikin ɗakinsa, gutsattsarin na'urar suka shige masa kai, ɗakin kuma ya kama wuta. A watan Janairu na 2019 wani saurayi ɗan shekara 24 a Fort Worth ta jihar Tekzas ya bi bayansa, ƙarfen ya yanke masa babbar jijiyar wuya. Allah Ya kiyashe mu da mummunan ƙarshe. Wannan bambanci kaɗai, ko da babu waninsa, ya isa a ce ƙiyasin ma'al fariƙi ne, wato akwai bambanci mai tasiri tsakanin asalinsa da reshensa.

Amma akwai waninsa. Waya tana shan wutarta ne a hankali, kamar mai kurɓar ruwa a moɗa, da wuya ta wuce amfiya ɗaya ko biyu ko da ana matsa mata. Babban sigarin lantarki kuwa, domin ya gasa 'yar wayar da ke mai da ruwan tabar ya zama tururi, yakan fizgi amfiya goma, ko ashirin, ko fiye, a zuƙa guda, ya maimaita haka sau ɗaruruwa a yini. Batirin da ake yi wa irin wannan aiki yana tsufa da wuri, yana kuma zuwa wurin caji da sauran zafinsa, wanda shi ya sa masana suke cewa a bar shi ya huce tukuna kafin a jona. Sa'an nan batirin waya a kulle yake cikin gidansa, mai ita ba ya taɓa shi, alhali da yawa daga cikin manyan na'urorin nan batirinsu na cirewa ne, irin wanda ake kira 18650 saboda faɗinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Ba don a riƙa yawo da shi tsirara aka ƙera shi ba, an yi shi ne don masana'antu su jera shi cikin akwati mai tsaro, kamar na kwamfutar tafi-da-gidanka. Har hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta yi shela a watan Janairu na 2021 tana gargaɗin jama'a su daina sayen irinsa a warwatse.

Wannan na gani da idona a cikin gidanmu. Wata rana bayan la'asar ɗan ƙanena ya zo gaishe ni, ya tura hannu aljihu zai ciro makullin babur ɗinsa, sai ga wani koren batir ya biyo makullan ya faɗo a kan tabarma. Na ɗauka na juya shi, na ga ledar da aka naɗe shi da ita ta yage daga wajen wuya, ƙarfen yana ƙyalli, tsagar ba ta fi faɗin farce ba. Na ce masa, "Kai, ɗana, tun yaushe wannan yake haka?" Ya ce, "Baffa, ai ba komai, ledar ce kawai ta ɗan yage, yana aiki lafiya lau." Ban ga laifinsa sosai ba, domin wa ya taɓa gaya masa cewa wannan leda ba ado ba ce? Gaba ɗayan gwangwanin, daga gindi har wuya, fuska ɗaya ce ta wutar, ɗan maɓallin da ke ka shi ne ɗaya fuskar, tsakaninsu kuwa 'yan milimitoci ne. Ledar nan da ɗan zoben da ke ƙarƙashinta su ne suka raba su. Da kan makulli ya dace da wannan tsaga ya taɓa maɓallin, to, wutar da ake tanadi don yini guda za ta fita a lokaci ɗaya, a jikin cinyarsa, cikin wandon da ba zai iya tuɓewa da sauri ba. Mu nan kwabbai sun ɓace daga aljihu, saura makullai da zobba, amma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram har yau aljihunsu ba ya rabo da kwabban sefa. Ban bar shi ya fita da batirin nan ba, na kuma sa ya yi alkawarin sayen ɗan akwatin roba wanda ake ajiye irinsu.

Mu koma kan caja, a nan kuwa dole in ba Malam haƙƙinsa, domin adalci ga abokin jayayya wajibi ne. Gaskiya ne cewa caja ta ƙwarai bolt 5 take bayarwa, na'ura ce ke jan gwargwadon bukatarta, kuma cajojin nan masu sauri ba su hawa zuwa bolt 9 ko 12 sai bayan sun yi yarjejeniya da abin da aka jona musu. Da a ce kowace caja ta ƙwarai ce, kowace na'ura kuma tana da cikakken mai gadi a cikinta, da maganarsa ta kusa gaskiya. Amma sharaɗi biyu ke nan, shi kuwa ya saki hukunci ba tare da ya ambaci ko ɗaya ba. Wayar babban kamfani tana da matakan tsaro hawa-hawa, in wannan ya gaza wancan ya tare. Ƙaramin sigari mai araha kuwa sau da yawa ɗan ƙwayar lantarki guda ne ke tsare da shi, wasu tsofaffin samfura ma mai gadin nasu a cikin cajarsu yake, ba a jikinsu ba, ta yadda in ka sauya caja ka kori mai gadi, akwai kuma wani nau'in da babu komai tsakanin batir da maɓalli sai ƙarfe. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce kada ƙarfin cajin ya wuce abin da zai cika batir a cikin sa'a guda, wato ɗan batir mai ɗaukar mAh 500 kada a ba shi fiye da rabin amfiya. Idan na'urar ba ta iya taƙaita abin da take ja ba, aka haɗa ta da cajar da ke iya ba da ninki huɗu na wannan, wa zai hana? A watan Agusta na 2014, a garin Wallasey kusa da Libaful a Ingila, wani dattijo ɗan shekara 62 ya rasu sa'ad da sigarinsa ya fashe a kan caji ya kunna na'urar iskar numfashin da yake amfani da ita, 'yan kwana-kwana kuma suka ce suna kyautata zaton cajar ba wadda ta zo da sigarin ba ce.

Wannan a ƙasar da wutar lantarkinta take tsaye ke nan, wadda kuma ake binciken kayan da ke shiga kasuwarta. Mu kuwa kowa ya san halin da muke ciki: a ɗauke wuta, a dawo da ita da ƙarfin da ke ƙona ƙwai da firiji, a tashi janareta yana hawa yana sauka, cajojin jabu kuma a zube a faranti ana tallarsu a bakin titi, marasa nauyi kamar ba komai a cikinsu. Kwanan baya na kai wayata wurin wani mai caji a bakin tasha, rumfar kwano ce, rana tsaka, ƙaramin janareta yana ruri a bayanta, ga allon katako an kafa masa soket sun fi arba'in, wayoyi kwance kan juna kowace da lambarta a jikin ɗan salatif. A tsakiyarsu na hangi sigarin lantarki guda uku, ɗaya har gefensa ya buɗe don kumburi, an ɗaure shi da roba. Na ce, "Malam, wannan fa bai kamata ya zauna cikin kayan mutane ba." Ya dube ni da ladabi ya ce, "Alhaji, ai duk abin da ya shiga rami caji yake yi." Maganar da ke cikin maƙalar Malam ke nan, harafi da harafi, sai dai shi mai rumfa yana da uzurin rashin sani, dukiyar mutum arba'in kuma tana hannunsa amana.

Batun jonawa a kwanta barci shi ya fi tsaya mini a rai. Hujjarsa ita ce na'ura tana yanke wuta da kanta, na kuwa yarda tana yankewa, ranar da take lafiya. Amma ba don ranar lafiya ake yin tsaro ba. Batirin da zai ɓaci yakan yi sanarwa: ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ya yi wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ya yi tsaki ko huci, ya kumbura, wanda yake farke zai ji, ya zare soket, ya fitar da shi tsakar gida, mai barci kuwa sai hayaƙi ya cika ɗaki, ga katifar soso wadda ba ta jinkiri da wuta, ga gidan sauro, ga labule, ga ƙofa a kulle da sakata. Imamu Buhari da Imamu Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Malamai sun bayyana cewa illar wannan umarni ita ce tsoron gobara, duk inda tsoron ya tabbata hukuncin yana biye da shi. In ana neman ƙiyasi ingantacce a wannan babi, to, ga shi nan, domin batirin da ke kan caji a gefen matashi ya fi kusa da fitilar da aka bari tana ci fiye da yadda yake kusa da duk wani abu da Malam ya kwatanta shi da shi.

Nan ne kuma rami na biyu ya bayyana, gama hukuncin da yake son ɗora wa sigari bai tabbata ga wayar kanta ba. A 2016 kamfanin Samsung, duk da girmansa da yawan injiniyoyinsa, ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya ya daina ƙera ta, saboda baturanta suna kama wuta. In haka ta sami asali, ina ga reshen da ba a san ma wanda ya ƙera shi ba?

Maganar a bar batir ya mutu murus kuwa ba ta bukatar dogon bayani, gado ce daga zamanin tsofaffin batura na nikel da kadmiyam, ba ta shafi litiyam ba. Shi wannan zurfin yunwa ne ke kashe shi: idan wutarsa ta sauka ƙasa ƙwarai ya daɗe a haka, tagullar cikinsa takan fara narkewa, in aka zo cika shi sai ta sake daskarewa inda bai kamata ba, ta zama ƙaya mai huda shamaki. Abin da ya fi masa shi ne a jona shi tun yana da saura kamar kashi ashirin cikin ɗari, a zare shi da zarar ya cika ko ma kafin ya kai ƙarshe, in kuma za a ajiye shi na tsawon lokaci a bar shi da kimanin rabi, a wuri mai inuwa. Ko an kula da shi haka, rayuwarsa ba ta cika wuce cikawa 300 zuwa 500 ba kafin ƙarfinsa ya ja baya a fili.

Akwai abin da maƙalar ba ta taɓa ba sam, alhali a ƙasarmu shi ne kan gaba, wato zafin gari. Masu ƙera waɗannan batura sun iyakance cajinsu tsakanin digiri sifili da 45 a ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin watan Afrilu, iskar inuwa kanta takan haura 40. To, ina ga ɗakin kwano da azahar, ko gaban mota da aka rufe gilasanta a rana, ko ƙarƙashin matashi inda zafin cajin ba shi da wurin fita? Abin da yake rangwame ga mutumin Landan, a wurinmu ya riga ya cinye rabin haddin tun kafin a jona. Don haka ya kamata a yi cajin da safe ko bayan magariba, a kan siminti ko tebur marar tarkace, nesa da katifa da galan ɗin fetur da hannun yara, mai shi kuma yana kusa, ido biyu.

Da ya ce zuzutawar jaridun Turai ce, sai na yi mamaki, domin alƙaluman ba na 'yan jarida ba ne kawai. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017 inda ta ƙirga fashewa da gobara 195 daga farkon 2009 zuwa ƙarshen 2016, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga cikinsu rauni mai tsanani. 61 sun faru a cikin aljihu, 60 ana cikin zuƙa, 48 a kan caji. Waɗannan su ne suka kai ga kunnen jama'a kawai, gama wani bincike da aka buga a mujallar Tobacco Control a 2018, wanda ya bi ta kan bayanan asibitoci, ya ƙiyasta cewa mutum 2,035 ne aka kai ɗakunan gaggawa a ƙasar saboda wannan daga 2015 zuwa 2017. Na yarda cewa in aka auna da miliyoyin masu amfani da abin, adadin kaɗan ne; amma wanda ya rasa haƙora ko aka yi wa dashen fata a cinya, ƙarancin adadi bai rage masa komai ba. Rundunar sojan ruwan Amurka, waɗanda ba a san su da tsoron banza ba, sun hana shiga da shi jiragensu a 2017, kuma tun 2015 dokokin sufurin sama suka hana a sa shi cikin kayan da ke shiga cikin cikin jirgi, suka hana a yi cajinsa a sama. Rashin jin labari a unguwarmu kuwa ba hujja ba ne, domin saurayin da ya ƙone a cinya da abin da yake ɓoye wa mahaifinsa ba zai fito ya yi shela ba.

Saura maganar ƙaddara, wadda ban so ya jawo ta nan ba. Mun yi imani da ita, alherinta da sharrinta, amma babu wani malamin Sunna da ya ce imani da ƙaddara yana kayar da riƙon sababi ko yana ɗauke lamuni daga kan mai sakaci. A cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an hukunta cewa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta ci dukiyar wani, biya ya hau kansa. Ba a karɓar masa da cewa haka Allah Ya so. Wanda aka gaya masa hatsarin abu, ya jona shi da cajar da ya san ta jabu ce, ya ja bargo a ɗakin haya mai maƙwabta goma cikin hunturu, yaya matsayinsa zai kasance in abin ya auku? Wanda ya rubuta masa cewa babu komai fa?

Hatta bayan mutuwar batir amanarsa ba ta sauka. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko ya faɗa ruwa, ko ya fara zafi ba dalili, ya gama aiki, kada a ce bari a ƙara mako guda. A liƙe kawunansa biyu da salatif, a ware shi cikin gwangwani mai yashi nesa da ɗakin kwana, kada kuma a jefa shi a bola, domin bolarmu wuta ake sa mata, yara 'yan jari-bola kuma da hannu suke tonawa. Ƙananan nan na sha-ka-yar, waɗanda Birtaniya ta hana sayar da su tun daga 1 ga Yuni 2025, su ma batirin litiyam ne a cikinsu, kuma fasa su da wasu yara suke yi don su ɗaura musu waya su cika su ganganci ne tsantsa, tun da ba a yi su da mai gadin caji ba. In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, a fara yanke wutar soket in ana iya kaiwa gare ta, a fitar da mutane, kada a shaƙi hayaƙin, wanda ya ƙone kuma a garzaya da shi asibiti a gaya wa likita a fili cewa batir ne, domin ƙunar tana haɗe da sinadari.

Ina roƙon Malam, don girman Allah da haƙƙin masu karanta shi, ya koma inda ya buga waccan maƙala ya janye hukunce-hukuncen nan uku da alƙalaminsa, domin waɗanda suka ji daga gare shi daga gare shi za su fi karɓar gyara. Kai kuma mai karatu, in akwai wannan na'ura a gidanka, taka ce ko ta ɗanka ko ta ƙanenka, ka duba cajarta ka duba ledar batirinta yau, in dare ya yi kuma ka zare ta daga soket kafin ka rufe ƙofa.